Ranar da Yaya Safiyatu Ta Kankare Tandarta

Yayata Safiyatu ba mai magana ba ce. In ka zauna da ita daga hantsi zuwa azahar, abin da za ka samu bai wuce "to" da "Allah ya kyauta" ba. A Kwandiko aka haife mu, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce babba. Aure ya kawo ta Gwaram gidan Malam Barau, manomin gero da gyaɗa, ni ma daga baya nawa auren ya jefo ni unguwar, har muna jin tarin juna ta katanga. Sunana Juwairiyya. Duk wanda ya karya kumallo da sinasir a wannan gefen garin, to na Safiyatu ya ci, ko ya san mai shi ko bai sani ba.

Ba da sha'awa ta shiga sana'ar ba. Ciwon ƙafa ne ya kwantar da Malam Barau, gona ta gagara, ga yara ƙanana. Ta fara da ɗan kasko, tana yin ɗaya bayan ɗaya, masu saye suna tsaye suna ƙunƙuni har wasu su yi zuciya su tafi wurin mai ƙosai. Maikuɗi mai walda, abokin maigidan, shi ya ga abin ya dame shi. Ya yanko mata wani shimfiɗaɗɗen ƙarfe mai kauri da ya rage masa daga wani aiki, ya liƙa masa hannu biyu, ya sa aka kawo a baro. Tanda muke ce mata, ko da yake ba ta da gurabe irin na tandar waina. Lafiyayyen fili ne, ka zuba ƙullu nan da can, ka kife kowanne da murfin kwano, su nuna tare.

Ranar da aka kawo ta, ni dariya na yi. Tsatsa ce ja wur tun daga sama har ƙasa, ko akuya ba zan ba abinci a kai ba. Yaya ba ta kula ni ba. Ta samo yashin rafi da lemon tsami ta goge ta har tsatsar ta fita, ta ɗora a murhu ta hura wuta sai da ƙarfen ya sauya launi. Sannan ta ɗaura tsumma a bakin kara, ta ɗan taɓa man gyaɗa, ta shafa sama-sama, ta sake bi da busasshen tsumma kamar ma ta yi nadamar shafawar. Ta bar shi ya yi hayaƙi har hayaƙin ya ƙare don kansa. Ta sake. Ta kuma sakewa. Gobe ma haka, jibi ma haka, tana soya albasa a kai tana zubarwa, ni ina ta yi mata tsiyar asarar albasa. Sinasir ɗin farko-farko duk kaji ne suka ci, don kamawa yake yi ya yage. Sai a hankali ƙarfen ya soma duhu, daga ruwan ƙasa ya koma baƙi, daga baƙi ya koma wani irin baƙi mai sheƙi, har ya zama in sinasir ya nuna, da ta sa bakin cokali sai ya taso da kansa.

Daga nan kuma doka ta hau. Sabulu bai taɓa tandar nan ba. In ta gama, tun da sauran ɗumi, za ta watsa gishiri ta murza da tsumma, ta share, ta bi da ɗan mai, ta rufe da buhu. Ruwa ba ya kwana a kanta. Miya ko wani abu mai tsami, kada ma ka kusanto da shi. Da damina takan leƙa ta ko ba ranar aiki ba, don ta ce tsatsa ba ta sallama. Aro kuwa, ni da muka sha nono ɗaya na taɓa tambaya lokacin sunan autana, ta ce ita za ta zo ta yi mini da hannunta, amma tanda ba ta fita. Na ce mata, "Yaya, ko Malam bai samu wannan tarairayar ba." Ta ce, "Malam in na ɓata masa, da yamma ya huce. Wannan in na ɓata mata, sai ta shekara tana fushi."

Malam Barau ya rasu, Allah ya jiƙansa. A kan ƙarfen nan yara suka tashi, a kansa suka yi karatu. Babbar, Sa'adiyya, ta yi boko ta yi Islamiyya, Allah ya haɗa ta da Malam Abdulbaqi na Birnin Kudu, ɗan wani babban gidan malamai masu makaranta a ƙofar gida. Da yake 'yar fari ce, Yaya ba ta kama sunanta, ba ta kuma zama su yi hira ido da ido. "'Yarki" take ce mata in tana magana da ni, ita ma yarinyar duk abin da take so uwar ta ji, ta kunnena yake bi.

Gidan nan na Birnin Kudu, gaskiya ba su taɓa raina mu ba. Uwar mijin, Hajiya Ummussalma, dattijuwa ce mai fara'a, in muka je har bakin ƙofa take tarbar mu. Yaya ce ke raina kanta. Tsakar gidansu shafe yake da siminti, kicin ɗinsu tukwane ne jere a kan kanta suna walƙiya, har kana ganin fuskarka. In muka je suna ko barka, sai in neme ta in rasa, can in hango ta a raɓe kusa da inda aka tuɓe takalma, ta dunƙule ƙafafu cikin zani. In na ce ta matso, sai ta ce nan ma ya isa. A mota kuma ta dinga tambayata ko mayafinta bai yi warin hayaƙi ba. Abin yana ba ni haushi, yana kuma ba ni tausayi.

Bara, bayan an gama girbi, Sa'adiyya ta kira ni a waya cike da murna. Za a yi walimar saukar ɗaliban makarantarsu, kuma a karo na farko Hajiya ta ɗora mata abincin manyan baƙi, malaman da za su zo daga garuruwa. Duk facalolinta, matan yayyen mijin, sun taɓa riƙe wannan aikin, ita ce ba a taɓa ba wa ba. Ta ce ta yi wa Hajiya zancen sinasir ɗin Inna, Hajiya ta ce ai kuwa ta daɗe tana jin labarinsa, don Allah Inna ta zo da tandarta ta yi musu a gidan. Na kai wa Yaya saƙo. Ta dubi ƙasa ta ce, "Ki ce wa 'yarki na ji."

Ranar tafiya, da hantsi, ina tsakar gidana ina tsince wake sai na ji wani ƙara ta katanga, ƙurr, ƙurr, kamar ana wasa wuƙa a dutse. Na ce yara ne. Ƙaran ya ƙi ƙarewa. Na ja mayafi na zaga. Na tarar da Yaya durƙushe a tsakiyar rana, tandar a gabanta a ƙasa, ga yashi, ga toka, ga soson ƙarfe, ga kumfar omo. Rabin fuskar tandar ya yi fari tas. Baƙin ruwa yana gangarawa zuwa rariya.

Na ce, "Yaya, me nake gani?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Gindin kawai na ce zan kankare."

"Wannan gindi ne?"

"Da na fito da ita rana na gan ta. Tunda take a rumfa ban taɓa ganin ta a haske ba, Juwairiyya. Da na yi gindin, sai gefen ya yi muni. Da na yi gefen..." Ta share gumi da bayan hannu. "Gidan malamai za a kai ta. A siminti za a ajiye ta, mata su kewaye. Za su ce ashe a kan wannan ake yin abin da mutane ke ci. Ni ba komai, amma 'yarki za su kalla."

Na ce, "Ke da kika koya wa duk unguwar nan cewa baƙin shi ne tandar?"

Ta ce, "Na sani."

Wannan "na sani" ɗin ya fi komai ƙona mini rai. Da wata sakarya ce ta yi, da na zazzage mata na huce. Amma ga wadda ta fi kowa sani, tana durƙushe tana rusa aikin shekarunta da hannunta, kuma tana sane. Rabi fari rabi baƙi ba ya aiki, don haka dole ta ƙarasa. Na tsaya ina kallo har ta gama.

Sai aka shiga gaggawa, don bayan la'asar motar za ta tashi. Ta hura wuta, ta ɗora tandar, ta soma shafa mai. Ita da kullum ke cewa mai kaɗan-kaɗan, ranar kwarara shi ta dinga yi, wai don ya yi saurin baƙi. Bai yi baƙi ba. Ya yi wani ja-ja, dabbare-dabbare, in ka taɓa yana kama yatsa kamar danƙo. Ta gwada guda ɗaya da ragowar ƙullun safe, da lallami da addu'a ya fito, gefensa a yage. Ta ce, "Za ta yi." Na ce, "Allah ya sa." Muka naɗe ta a buhu tun ba ta gama hucewa ba, aka sa a bayan mota.

Mun isa Birnin Kudu ana shirin magariba. Aka shigar da tandar sashen Sa'adiyya a naɗe yadda take. Shinkafa an riga an jiƙa an kai inji, robobi manya-manya. Yaya ta haɗa ƙullun da kanta, kuma ƙullu kam ya yi, da safe ya tashi har yana neman ture murfi.

Aka kafa murhu a tsakar gida. Mata suka shimfiɗa tabarmi suka kewaye, facaloli da 'yan uwan miji da maƙwabta, kowa na son ganin yadda ake yi. Aka kawo wa Hajiya Ummussalma kujera ta zauna da carbinta. Daga waje lasifika ta soma, ɗalibai suna karatu. Yaya ta yi bismillah ta kwance buhun. A hasken safiyar nan tandar ta fi jiya muni, wallahi gara baƙinta sau dubu.

Ta shafa mai, ta zuba ƙullu, ta kife da murafe. Ƙamshi ya tashi, mata suka ce masha Allah. Ta buɗe, saman ya yi fari da 'yan ramuka yadda ake so. Ta sa bakin cokali. Ya ƙi. Ta zagaya ta ɗaya gefen, ya ƙi. Ta matsa, saman ya taho, ƙasan ya zauna. Wata ta ce, "Na farko dama haka yake." Yaya ta kankare, ta rage wuta, ta sake zubawa. Ya kama. Ta ƙara mai, ya kama. Ta ƙara wuta, ya ƙone kuma ya kama. Kwanon da aka ajiye don jera sinasir ya soma cika da yagaggun gutsattsari. Hira ta mutu a tsakar gidan, ba ka jin komai sai lasifika da ƙaran cokali a kan ƙarfe. Ni dai na rasa inda zan sa idona, na dinga gyara itacen da ba ya buƙatar gyara.

Aka aiko daga waje, wai Malam Abdulbaqi yana tambaya ko an kusa, baƙin nesa sun iso.

Wata facala ta ce, ba da mugunta ba, "Inna, ko ƙullun ne?"

Hajiya ta miƙe da ƙyar ta matso, ta sunkuya ta dubi tandar. Ta ce, "Ba ƙullu ba ne. Wannan tandar an wanke ta."

Yaya ta sunkuyar da kai. Sa'adiyya tana tsaye a bakin kicin da tire a hannu, cikin sabon leshinta. Ta dubi tandar, ta dubi uwarta. A gidan tandar nan ta tashi, ba ta buƙatar a yi mata bayani. Ta ajiye tiren, ta zo ta durƙusa gaban uwar mijinta.

Ta ce, "Ni ce, Hajiya. Jiya da suka iso na buɗe na ga ta yi baƙi ƙirin, na ɗauka datti ne, na sa soson ƙarfe na goge. Inna ta yi ƙoƙarin gyarawa, bai yiwu ba. A yi haƙuri."

Sai wata ta ƙyalƙyale da dariya, sauran suka ɗauka. "'Yar mai sinasir ba ta san tanda ba." "Boko ya cinye ta." "Allah ya sa ba ta goge mana allunan yara ba." Hajiya ta girgiza kai ta ce, "Sa'adiyya, Sa'adiyya. Ai da kin tambaya." Yarinyar tana durƙushe tana murmushin dole, kunnuwanta kamar za su yi jini. Na buɗe baki, ta ɗago ta dube ni, na rufe. Na juya ga Yaya ina jira. Cokalin yana hannunta, idonta yana kan wuta, ba ta ce uffan ba.

Hajiya ce ta ceci abincin. Ta sa aka bazama maƙwabta aro tandojin waina, aka ɗan gyara ƙullun, mata suka zauna layi suna suya. Malamai sun ci waina a makare a maimakon sinasir, ban kuma ji wanda ya mutu ba. Amma aikin farko da aka ba Sa'adiyya ya tashi da sunan ta ɓata shi. Kafin mu bar gidan na ji wata tana kiran ta "mai wankin tanda".

Muka dawo Gwaram. Yaya ta sake kankare danƙon nan gaba ɗaya, ta koma farko kamar ranar da Maikuɗi ya kawo ta a baro: wuta, ɗan mai, hayaƙi, albasa, kaji su ci na gwaji. Ta daɗe ba ta sayar ba. Masu zuwa da kwano ta ce musu ba ta jin daɗi, kuma ba ƙarya ta yi ba, don abinci ma sai na tsaya a kanta take ci. In na kawo zancen Birnin Kudu sai ta tashi ta shiga ɗaki. Wata rana na dawo daga can na yi suɓul da baka na ce har yanzu sunan nan bai bar yarinyar ba, har ƙananan yaran gidan sun ɗauka. Yaya ta ajiye tsumman da ke hannunta. Ta ce, "Na je in wanke mata fuska, na shafa mata baƙi. Kuma ta ɗauki laifina a gaban surukanta ina zaune da baki a jikina." Ba safai nake jin ta yi doguwar magana haka ba.

Sai da damina ta kusa tandar ta dawo hayyacinta. Ranar da sinasir ya soma tasowa da kansa, Yaya ta yi ƙullu na musamman, ta soya, ta jera a babbar kula, ta ce in raka ta. Na ce ina? Ta ce wurin Hajiya, za ta faɗi gaskiya a cire wa 'yata sunan nan.

Muka sami Hajiya Ummussalma ita kaɗai a ɗakinta. Aka gaisa, ta buɗe kular, ta gutsura ta ci, ta lumshe ido ta ce lallai labari bai yi ƙarya ba. Yaya ta ƙi hawa kujera, ta zauna a ƙasa. Ta fara, tana yi tana tsayawa, muryarta can ciki. Ta ce tandar nan ba yarinyar ce ta wanke ba. Ta ce ita ce, tun a Gwaram, don tana jin kunyar a ga baƙinta a gidan nan.

Hajiya ta bar ta ta kai ƙarshe. Sannan ta ce, "Ai mun sani, Safiyatu."

Yaya ta ɗago.

"Ranar nan lalle ne a hannun yarinyar har wuyan hannu, ko ƙwarzane babu. Naki kuwa yatsun duk sun saɓule, kina ta tura su cikin mayafi. Babu macen da ba ta gani ba a tsakar gidan nan."

Na kasa haƙuri na ce, "To Hajiya, dariyar fa? Da sunan da aka liƙa mata?"

Ta ce, "Yarinya ta tashi rufa wa uwarta asiri, mu ne za mu tona? In ba mu yi dariyar ba ai maganarta ba za ta zauna ba. Sunan kuwa, ita da kanta take amsawa tana dariya. Walimar bana ma ita zan ba."

Na ɗauka Yaya za ta ji sanyi. Sai na ga ta jawo mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, kafaɗunta suna rawa. Hajiya ta yi ta ba ta baki, tana cewa ai ba komai, abu ya wuce. Da muka fito, Sa'adiyya tana tsaye a bakin ƙofa da ruwa a kofi, ta durƙusa ta gaishe ta. Yaya ta amsa ta cikin mayafi, ta karɓi ruwan, ta kasa sha.

Muka hau mota, muka yi nisa da gari. Ta ce, "Juwairiyya, gida guda na mata suka taru suka yi mini kara, har da 'yar da na haifa. Ni kuma ina zaune ina ganin na ɓoye."

Na ce, "Don suna ganin girmanki ne, Yaya."

Ta ce, "Da sun yi mini dariyar a fuskata, da ta fi mini sauƙi."

Har muka shigo Gwaram ba ta buɗe fuskarta ba.